Kafin tsohuwar laftof ta bar hannunka

Ƙanena, idan mai shago ya ce maka "Core i7 ce, yallaɓai," kada ka yi saurin sa hannu a aljihu. Core i7 sunan furosesa ne na kamfanin Intel, wato injin da ke tafiyar da aikin kwamfutar. Tambaye shi lambobin da ke biye da i7 ɗin. Ni ban san ana wannan tambaya ba sa'ad da na sayi wata laftof ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Landan, an goge ta fes an naɗe da leda. Sai a gida wani yaron maƙwabtanmu ya duba ya ce i7-3520M ce. Lambar 3 ta farkon nan tana nufin zubi na uku, na 2012, mai ƙwaƙwalwa biyu. Wadda na raina a shagon don sunanta i5 kuwa, i5-8250U ce, zubi na takwas, na 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba. Suna na saya, har da ƙarin kuɗi a kai.

Yanzu tambayar ta fi da muhimmanci. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10, sai wani shiri na ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma, a ƙa'idarta, tana son Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Waɗanda ba su cika sharaɗin ba su ne ofisoshin Turai da Amurka ke fitarwa, kuma kowa ya san inda irin waɗannan kaya kan sauka: Legas, Alaba da Computer Village ta Ikeja, daga nan su hauro Arewa. Ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta a shago ba hujja ba ne, ana iya ɗora ta ta bayan gida. Lambar ita ce shaida.

Amma fa tsufa ba mutuwa ba ne, kuma a nan ma na yi asara. Akwai wata da na yanke wa ƙauna saboda nauyi. Idan na kunna ta sai na je na yi alwala na dawo tana nan tana juyi. Ashe had-disk ne kawai, irin mai faifai da ke juyawa a ciki. Da na musanya shi da SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa kuma ta fi sauri, na ƙara ram zuwa gig 8, da ta yi min wasu shekaru ana rubutu da bincike a intanet. Sai kuma ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe fankar laftof, bazara ta zo da zafinta na sama da digiri 40, sai ka ji tana huci tana kashe kanta. Ba ta lalace ba, numfashi ta rasa. Kai ta a buɗe a hure, kuma ka daina ɗora ta a kan katifa. Idan Windows ta yi mata nauyi, akwai Linux Mint da ake sawa a madadin Windows, kyauta ce, tana tafiya lafiya a tsofaffin kwamfutoci, sai dai sabo yana ɗaukar lokaci, kuma ba kowace manhajar da ka saba da ita za ka samu a can ba.

Waccan mai nauyin, da allonta ya mutu daga baya, wa mai jari bola na sayar da ita. Ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya faɗi kuɗi, na karɓa ina ganin na rabu da tarkace. Sukurori kaɗan ne tsakanina da had-disk ɗin, ban kwance ba, don a ganina abin da ya mutu ya mutu da duk abin da ke cikinsa.

Abin da ya farkar da ni a shagon wani mai gyara ya faru. Na kai masa wani had-disk daban da na yi wa fomatin bisa kuskure, ina neman wata takarda. Ya jona shi a tasa kwamfutar, ya buɗe wata manhaja ta kyauta, ya koma kan shayinsa. Ina tsaye sai ga hotuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, jere a layi: sunan 'yata, takardar shaidar makaranta da na ɗauka a hoto, hoton mata a tsakar gida ba mayafi, abubuwan da na goge da hannuna tun tuni. Ya ce, ko kallona bai yi ba, "Ai gogewa ba ta gogewa, Malam. Suna kawai take cirewa daga rajista, kayan suna nan sai an rubuta wani abu a kansu." Gumi ya karyo min, ba don wannan na gabana ba, don wancan da ya tafi a baro ko fomatin ɗin ban yi masa ba. Akwai katin shaida a ciki, akwai takardun banki, akwai lambobin sirri da burauza ta adana. A daren na canza duk wanda na tuna. Hotunan kuwa ba a canza su.

Saboda haka idan kwamfuta ta mutu, cire had-disk kafin ta fita daga gida. Ana sayar da ɗan akwatin da ake saka shi a jona ta USB, sai ya zama ma'ajiya. Idan shi ma ya mutu, guduma. Idan kuma lafiyarta lau za ka bayar ko ka sayar, a wajen mayar da Windows sabuwa akwai zaɓin share faifan gaba ɗaya, ba cire fayil kawai ba. Yana daɗewa, ka yi haƙuri da shi. Waya ta fi sauƙi, domin wayoyin Android na 'yan shekarun nan a kulle bayanansu suke, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ya wadatar. Sai dai ka fara fitar da asusunka na Google, in ba haka ba wanda ya saya zai tarar da ita a kulle ya dawo yana maka sallama. Memori da sim kuma a aljihunka.

Maganar sim ta kawo mu kan kira ta intanet. Yau kusan duk gaisuwar 'yan uwa na nesa ta WhatsApp ake yi, ga araha, kiran murya ba ya cin data sosai, bidiyo ne ke zuƙewa. Abin da kan shige mana duhu shi ne asusun a jikin lambar waya yake rataye, lambar kuma ba taka ba ce har abada. Na taɓa ajiye wani layi na daɗe ban yi amfani da shi ba, ina cewa ai WhatsApp ɗin yana aiki da datar ɗaya layin. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana karɓe shi a sayar wa wani, haka tsarin yake, nawa ma haka aka yi da shi. Ranar da sabon mai layin ya buɗe WhatsApp, nawa ya rufe. Gwaggona ta kira ta ji muryar baƙo, hankalinta ya tashi. Lambar kuma ita ce a banki, can saƙon shigar kuɗi da fitarsu ke zuwa. Idan za ka bar layi, cikin WhatsApp akwai wurin canza lamba, yi amfani da shi tun layin yana hannunka, sannan ka taka zuwa banki. Ka kunna matakin tsaro na biyu. Lambobi shida da ke zuwa ta tes kuwa ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake kira za a sa ka a taro.

Kada kuma ka jingina da manhaja guda. Skype da muka ɗauka ba mai kayar da ita, Microsoft ya saye ta dala biliyan 8.5 a 2011, ya rufe ta a watan Mayun 2025. A Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin banki da kiran data duk sun riƙa yankewa. WhatsApp ba ya kiran 112, lambar kiran gaggawa. Ka bar ɗan kati a waya, lambobin mutanen da ba ka iya rasawa kuma ka rubuta su a takarda.

Saura tarkacen kansa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki, kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Ba na ganin laifin 'yan jari bola, su ne ma ke kwashe abin da babu mai kwashewa, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Ƙonawa ce matsalar. A Agbogbloshie ta Accra, kafin a rushe wurin a 2021, matasa da yawa daga arewacin Ghana sun yi shekaru suna ƙona waya don cire tagulla suna shaƙar baƙin hayaƙin. A nan ma ana yi a bayan unguwa. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya da batirin inbata duk akwai dalma a ciki. Ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake waccan daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito.

Batirin da ya kumbura, wanda ya ɗaga murfin waya ko ya turo allon laftof, kada ka matsa shi, kada ka huda shi wai iska ta fita, wuta yake kamawa. Cire shi ka sa a gwangwani da yashi, a inuwa, nesa da ɗaki. Sauran kayan ka fara kai wa masu gyara, a Farm Centre idan kana Kano, ko kasuwar waya ta garinku. Ram, sikirin, caja da kibod kowanne da kuɗinsa a wurinsu, mai jari bola kuwa sikeli ya sani. Kuma ka ja kunnen yaran gida a kan durowar nan da ake tara matattun wayoyi, don su ne ke fita da su idan sun ji mai gwangwan yana wucewa, da memorin da komai a ciki.