Yadda ake bar wa ƙungiyar wasan kwaikwayo kaso a wasiyya

Kuɗin tikiti ba kasafai yake riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo ta al'umma ba. Ko da 'yan wasa ba sa karɓar ko sisi, akwai hayar ɗakin gwaji, wutar lantarki, inshora, kuɗin izinin marubuci, gyaran fitilu da labule. Mai niyyar tallafa wa dandamali bayan ransa, waɗannan ya kamata ya sa a gaba, domin su ne ke kashe ƙungiya idan babu su.

Farko dai a duba ko ƙungiyar tana da rajista. Da yawa daga cikinsu taron abokai ne kawai, doka ba ta san da su ba, ba su da asusu da sunansu. Idan aka bar wa irin wannan dukiya, wasiyyi zai rasa hannun da zai danƙa wa, maganar ta ƙare a kotu. Sai a nemi cikakken sunan da ke kan takardar rajista da lambarta, a rubuta su yadda suke. Sunan da ke jikin allon ƙofa sau da yawa ba shi ne na doka ba.

Sannan a san iyakar abin da ake da ikon bayarwa. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi sai da yardar magada. A Faransa doka ta keɓe wa 'ya'ya rabonsu: rabi idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, uku cikin huɗu idan sun kai uku. Ingila kuwa sassauci take yi: wanda ya bar wa ƙungiyar agaji mai rajista aƙalla kashi 10 cikin 100 na dukiyar da haraji ke hawa, harajin gadonsa yana sauka daga kashi 40 zuwa 36.

Wurin da mutane suka fi tafka kuskure shi ne zaɓen nau'in kyautar. Wanda ya yanke adadin kuɗi ya rubuta, to hauhawar farashi za ta yi ta cinye shi. Abin da zai sake rufin zaure yau, bayan shekara ashirin wataƙila kujeru kaɗan zai saya. Wanda ya ambaci wata kadara, misali gida ko hannun jari, ya kuma sayar da ita kafin rasuwarsa, a yawancin dokoki kyautar ta faɗi ke nan. Abin da ya fi, a ganina, shi ne a rubuta kaso cikin ɗari na abin da ya rage bayan an biya bashi da sauran haƙƙoƙi. Dukiya ta ƙaru, kason ya ƙaru. Ta ragu, magada ba su cutu ba.

Sharaɗi ma yana da nasa tarkon. Mutum zai ce kuɗinsa na wasannin yara ne kawai, ko na gyaran wani gini. Ƙungiya ta tashi daga ginin, kuɗi su maƙale, alhali ana bin ta kuɗin wuta. Kotu tana iya karkatar da su zuwa manufa mafi kusa, amma kafin nan lauyoyi sun ci rabonsu. Maganin abin jimla biyu ne a cikin wasiyyar: ɗaya ta ba kwamitin amintattu damar sauya amfanin kuɗin idan manufar farko ta gagara, ɗaya kuma ta faɗi inda za su koma idan ƙungiyar ta rushe ko ta haɗe da wata.

Mai son asusun dindindin, irin na wakafi, wanda ba a taɓa uwar kuɗi sai abin da ta haifa, ya yi lissafi tukuna. Bisa al'ada ana cire kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara. A kan kashi 4, duk hidimar da ake son asusun ya ɗauka a shekara, sai an ajiye ninkin kuɗinta 25. Idan kyautar ba ta kai haka ba, gara a bar ta a matsayin ajiyar ko-ta-kwana.

Bayar da gini kuwa, a yi hattara. Kyauta ce mai zuwa da haraji, gyara da mai gadi. A tambayi ƙungiyar ko za ta iya riƙe shi, ko a ba ta izinin sayarwa.

Inshorar rai da asusun fansho galibi ba sa bin wasiyya. A Amurka, alal misali, sunan da aka cike a fom ɗin kamfani shi ne mai karɓa, ko me wasiyya ta ce, don haka can ake zuwa a gyara. Wajen sa hannu, dokar Ingila tun 1837 tana neman shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaidar da aka bar wa wani abu yana rasa shi. Bayan an gama, a aika wa ma'ajin ƙungiyar kwafin sakin layin da ya shafe su, a kuma sake duba wasiyyar duk bayan shekara uku zuwa biyar, ko da zarar an yi aure, haihuwa, ko ƙungiyar ta sauya suna.