Wasiƙa Daga Manchester: Abin Da Ya Hana Mu Zuwa Gida Bana

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ya gida, ya hunturu? Tambayoyinku sun taru mini a waya: yaushe za ka zo, yaya sanyin can, yaya aiki. Na ga gara in amsa wa kowa a wuri guda, in fara da abin da ya fi ci mini rai.

Kun ji labarin Omicron, sabon nau'in korona. Masanan Afirka ta Kudu ne suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamba 2021. Maimakon a gode musu, ba a yi kwana uku ba Birtaniya ta rufe wa ƙasarsu da wasu maƙwabtanta ƙofa. Ranar Asabar 4 ga Disamba aka ce an ƙara Najeriya a cikin jan jerin, wato jerin ƙasashen da Birtaniya ta taƙaita shigowa daga cikinsu, kuma dokar ta fara aiki Litinin da ƙarfe 4 na asuba. Ƙasashe 11 ke cikin jerin, dukkansu na Afirka, alhali Holan ta gano cutar a gwaje-gwajen da ta yi tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Jakadan Najeriya a Landan na lokacin, Sarafa Tunji Isola, ya kira abin wariya, kuma ni ma haka na gani.

Abin da dokar ta ce shi ne, daga waɗannan ƙasashe ba mai shigowa sai ɗan Birtaniya, ɗan Ayilan, ko mai takardar zama. Shi ma sai ya killace kansa kwana 10 a otal ɗin da gwamnati ta amince da shi, ya biya fam 2,285 daga aljihunsa, sama da naira miliyan ɗaya ke nan. In da matarsa, a ƙara fam 1,430. Bizar ziyara kuwa aka dakatar da ita.

Matar wani abokina ta je Kano biki, dokar ta rutsa da ita a can. Sai da suka ci bashi kafin ta dawo, samun ɗakin ma ya zama aiki. Ta ce a ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye abinci cikin jakar takarda a tafi, mai gadi na zaune a baranda dare da rana, shan iska kuwa 'yan mintoci ne a wurin ajiye motoci, da ɗan rakiya a bayanta. Yaranta na nan cikin gari, sai dai ta gan su ta waya. Ranar 15 ga Disamba aka soke jerin baki ɗaya, Ministan Lafiya Sajid Javid ya ce cutar ta riga ta bazu a cikin ƙasa, dokar ba ta da sauran amfani sosai. Kwana tara Najeriya ta yi a ciki, amma bashin da mutane suka ci yana nan a wuyansu.

Kada ku ɗauka an huta. A Disamba 2021, ko bayan soke jerin, in za ka shigo Birtaniya sai ka yi gwaji cikin kwana biyu kafin tashi, ka cike fom a intanet cikin awa 48 kafin sauka, ka kuma biya kuɗin gwajin da za ka yi bayan isowa, ka sa lambar rasit a fom ɗin. In babu lambar, fom ba ya wucewa. In babu fom, ba ka hawa jirgi. A lokacin, mai zuwa Najeriya ma da nasa shafin da zai yi rajista ya biya. Ku lura da suna sosai. Fasfo ya ce Muhammad, takardar gwaji ta ce Mohammed, katin rigakafi ya ce Moh'd. Mu a gida duk ɗaya ne, amma ma'aikacin jirgi harafi yake bi, yana iya tsayar da kai da akwatunanka a hannu.

Shi ya sa na ɗage zuwana. Wanda tafiya ta zame masa dole, ya sayi tikitin da ake iya sauya wa rana ko da ya fi tsada, ya bar rarar kuɗi da za ta riƙe shi in hanya ta rufe yana can. Ku yi rigakafi, ku adana katin. Takardar gwaji ta bogi kuma, don Allah ku guje ta, lafiyar mutane ce.

Sanyi dai akwai shi, kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi Magariba. Maganar aiki sai wani jiƙon.

Masu niyyar Umara, Saudiyya ma ta dakatar da jirage daga Najeriya a farkon Disamba 2021. Kada Baba ko Hajiya su miƙa wa wani ejan kuɗi sai an tabbatar hanya ta buɗe, kuma a rubuta a takarda yadda za a dawo da kuɗin in tafiyar ba ta yiwu ba. Allah Ya yaye mana wannan annoba.

Naku,
Ɗan'uwanku a Manchester
Disamba 2021