Kada a jefar da mataccen boris kafin a duba cikinsa

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina yaƙi da ita a masana'antar casar shinkafa inda nake kula da injuna: da zarar boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ke sa sandar inji ta juya cikin sauƙi, ya fara kuka, sai a cire shi a wurga cikin tarkacen ƙarafa, a sayo sabo, ba tare da an tambayi abin da ya kashe na farkon ba. Alhali kuwa idan aka wanke tsohon da kananzir aka duba hanyar da ƙwallayensa ke bi, amsar tana nan a fili. Launin shuɗi alamar zafi ce. Ramuka masu tazara daidai da tazarar ƙwallaye aikin guduma ne lokacin sakawa. Idan hanyar ta dusashe kamar an goge ta da yashi, ƙura ce ta shiga, kuma a wurinmu, inda dusa ke haɗuwa da ƙurar hunturu, wannan ba baƙon abu ba ne. Layuka sirara a jere kuwa wutar lantarki ce ta ratsa ta ciki, wani lokaci daga mai walda da ya maƙala wayar injin waldarsa nesa da inda yake aiki.

Wani injinmu ya cinye boris mai lamba 6205 har sau uku a kaka guda, kowa yana cewa jabu aka sayo mana. Jabu dai yana nan a kasuwa, ban musa ba, amma dukkan ukun sun ci ne a gefe ɗaya, gefen da bel yake ja. An ɗaure bel ɗin ne fiye da kima don kada ya zame. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye ya ninka biyu, tsawon rayuwarsa yana komawa kashi ɗaya cikin 8. Muka sassauta bel, muka daidaita fulai, wato ƙafafun ƙarfen da bel ke zagayawa a kansu, matsalar ta kau.

Batun giris ya fi damuna, domin a nan ne kyakkyawar niyya take yin ɓarna. Yaro mai ƙwazo zai yi ta ɗurawa har ya tumbatso, giris ya rasa inda zai motsa, ya yi zafi, ya narke ya tsiyaye. Cika kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gurbin da ke cikin gidan boris ya wadatar, kuma ba a gauraya iri biyu. Wajen sakawa, a ɗumama boris zuwa kimanin digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, zai shige kan sandar injin ba tare da duka ba.

Yanzu kowace safiya nakan ɗora bakin sukudireba a gidan boris, in kara kunne a ƙotarsa, in auna zafi, in rubuta a littafi tare da kwanan wata. Ranar da sautin ko zafin ya bambanta da na makon jiya, a ranar muke tsara lokacin tsayar da injin.