Yadda na samu gudun harsashin bindigar iska da waya da marfin tukunya

'Yan'uwa masu wannan sha'awa, jiya da la'asar na samu lambar gudun ƙwayar bindigata da na yarda da ita, bayan wata biyu ina fama, don haka na ga ya dace in rubuta muku tun abin yana ɗanye a kaina.

Waɗanda suka san ni a Garwa sun san cewa a watan Nuwamba na sayi na'urar auna gudu mai idanun haske biyu, irin wadda masu ɗura harsashin ƙaramar bindiga da hannunsu a Amurka suke kafawa kamar mita 3 daga bakin bindiga don kada hucin harbi ya ruɗa ta. Mu a nan ɗura harsashi ba fagenmu ba ne, dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ba ta wasa da wannan, abin da muke da shi bindigar iska ce mai sifirin da ƙwayar dalma ta milimita 4.5. Na'urar ta ci mini sefa 45,000 har da kuɗin kawo ta daga Duwala. A cikin ɗaki ta ƙi aiki saboda fitilar sanda tana ƙyaftawa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma na'urar tana gani. Na fitar da ita tsakar gida, ta ba ni lamba huɗu masu kyau, a harbi na biyar na manta cewa madubin saiti ya fi bakin bindiga tudu, na huda idonta na baya da hannuna. Har yau ban gaya wa uwargida nawa na saye ta ba.

Daga nan na koma ga sauti. Na rataya marfin tukunyar ƙarfe a mita 10, a karkace don ƙwayar ta faɗi ƙasa, da katangar ƙasa a bayansa, na ajiye waya kusa da bakin bindiga tana ɗauka, sannan na buɗe sautin a kwamfuta da Audacity, manhajar da ke nuna zanen sauti. Lissafin kun san shi: lokacin da ke tsakanin ƙarar harbi da ƙarar marfi, a cire lokacin da sauti ya ɗauka kafin ya dawo, abin da ya rage shi ne tafiyar ƙwaya.

Matsalar da ta hana ni barci ita ce inda za a fara ƙirga. Bindiga mai sifirin ba ƙara ɗaya take yi ba. Da ka ja kunama, sifirin ya saki, fistin ya taso yana matsa iska, duk wannan yana da hayaniyarsa, alhali ƙwayar ba ta bar bututu ba tukuna. A fuskar kwamfuta sai ka ga wani ɗan kaɗawa siriri ya fara, ya yi kauri, sannan babban tsini ya biyo baya, kuma tsakaninsu akwai kusan milisakan 8 (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Idan na fara daga siririn, jimla ta kama milisakan 93, in cire 29 na dawowar sauti, in samu mita 156 a sakan. Idan na fara daga babban tsinin, jimla ta koma 85, in samu 179. Harbi ɗaya, bindiga ɗaya, amma tazarar mita 23 a sakan ta rataya ga inda na ga dama na ɗora alama. Na sauya wurin waya, na naɗe bututu da tsumma, na bar gefen rumfar kwano saboda amsa-kuwwa, duk a banza. Na kuma ɓata mako guda kafin in gane cewa sautin da na tura wa kaina ta WhatsApp an matse shi, tsinin duk ya daƙushe, dole sai an ɗauka da tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, an kwashe ta kebul.

Wanda ya warware mini ƙullin ƙanin matata ne, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare. Ya dubi zanen na ɗan lokaci ya ce, "Yaya, me zai sa ka nemi lokacin da ƙwaya ta fita? Ka yi harbi a nisa biyu, ka cire ɗaya daga ɗaya, hayaniyar fistin za ta cinye kanta." Na ji kunya ƙwarai, domin shekara goma sha biyu na ba shi.

Haka muka yi. Harbi goma a mita 5, goma a mita 15, kullum muna fara ƙirga daga siririn kaɗawar nan, wayar ba ta motsa daga inda take ba. Matsakaicin na kusa ya ba da milisakan 50.0, na nesa 136.3, bambanci 86.3. A nan ma ya sake kama ni da kuskure, domin na saba sa 343 a matsayin gudun sauti, alhali wannan lamba ta zafin digiri 20 ce. Gudun sauti yana farawa daga kusan 331 a digiri sifili, yana ƙaruwa da kusan 0.6 a kowane digiri, kuma ma'auninmu a inuwa yana nuna 35, wato 352. Mita 10 a wannan gudu milisakan 28.4 ne, saura 57.9, wanda ya ba da mita 173 a sakan tsakanin mita 5 da 15. A bakin bindiga zai ɗan ɗara haka, tunda iska tana rage wa ƙwaya gudu tun daga fitarta.

Na kai ƙwaya goma wurin wani maƙerin zinariya a kasuwa, sikelinsa ya nuna giram 5.3, wato 0.53 kowace, ƙarfin bugun ya kama jul 7.9 ke nan (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu). Kwalin bindigar ya yi alkawarin gudun da ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma kamfanoni sukan gwada da ƙwaya marar nauyi, kuma tawa ta shekara shida ba a sauya mata robar fistin ba.

Na yi odar sabuwar roba. Idan ta iso zan sa ta, in yi harbi kamar ɗari don man da ke ciki ya gama ƙonewa, sannan in maimaita awon da sassafe da kuma la'asar, da gwangwanin ƙwaya ɗaya, a kan wannan marfin tukunyar da yanzu ya lotsa ta yadda ba zai koma kicin ba.