Saƙon Godiya Bayan Sallamo Mahaifiyarmu Daga Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya jarrabe mu, sannan ya dube mu da idon rahama. A madadin iyalanmu baki ɗaya, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa an sallamo mahaifiyarmu bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya same ta, yanzu haka tana ɗakinta, tana gane kowa, ta kuma fara haɗa kalmomi, ko da yake hannun dama da ƙafar har yanzu sai an tallafa mata. Mafi yawanku kun bi mu tun daga safiyar da ta faɗi har ranar da aka cire mata robar hanci da ake ba ta abinci ta ciki, saboda haka ba zan maimaita labarin ba, kuma a gaskiya ba ni da ƙarfin maimaita shi, domin jikina bai gama warwarewa daga kwanan zaune a bencin asibiti ba. Nauyin godiya ne ya hana ni hutawa sai na yi wannan rubutu, tunda yaba kyauta tukwici ne.

Bayan Allah, da likitan iyalinmu zan fara. Ya roƙe ni kada in rubuta sunansa, kuma a kan suna kaɗai zan bi umarninsa, amma aikin da ya yi ba zan ɓoye shi ba. Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya ta ware ranar 19 ga Mayu tun shekarar 2010 domin a yaba wa irinsu, sai dai ni ba zan iya jiran zagayowar wannan rana ba. Duk wanda ya taɓa zuwa wurinsa ya san ƙaramin asibiti ne: ɗakin duba marasa lafiya, ɗakin allura da gwaji, nas guda, da kabad cike da fayiloli. A cikin kabad ɗin nan akwai fayil ɗin Mama, wanda ya yi kauri saboda shekarun da ya ɗauka yana lura da hawan jininta. Shi ne ya fara jin bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai, ya tura ta wurin likitan zuciya a asibitin koyarwa, can aka ɗora ta a kan warfarin, maganin da ke tsinka jini don kada ya daskare ya toshe jijiya. Daga nan bibiyar maganin ta dawo hannunsa, yana auna mata gwajin tsinkewar jini da ake kira INR a kai a kai, yana ƙara ƙwayar ko rage ta don sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. A bakin ƙofarsa akwai allo mai ɗauke da sunayen asibitocin da yake da alaƙar aiki da su, wato babban asibitin garin, inda yake da izinin kwantar da majinyatansa ya kuma duba su, da asibitin koyarwa na birni, inda yake tura waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin garin. Jama'a suna wuce allon nan kullum ba tare da sun ɗaga kai ba, mu kuwa abin da aka rubuta a jikinsa ne Allah ya sa ya zama hanyar tsirar mahaifiyarmu.

Da na kira shi a safiyar nan, muryata tana rawa, bai ɓata lokaci a kan gaisuwa ba. Ya tambaye ni ko bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya yana faɗuwa idan aka ɗaga duka biyun, ko maganarta ta sarƙe, sannan ya tambayi abin da ya fi nanatawa: da ƙarfe nawa aka gan ta lafiya lau a ƙarshe? Jikarta ce ta amsa, domin ita ta zuba mata ruwan alwala da asuba, suka yi magana. Ya ce kada a ba ta komai ta baki, ko da kurɓin ruwa ne, kada kuma a kuskura a ba ta asfirin, a kwantar da ita ta gefe, a wuce da ita babban asibiti kai tsaye, zai riga mu isa. A daidai lokacin akwai wanda ya riga ya ɓare ƙwayar asfirin yana nema a buɗe mata baki, da kyakkyawar niyya, domin ya ji ana cewa tana taimakon mai shanyewar ɓarin jiki. Daga baya Likita ya fahimtar da mu cewa ciwon nan iri biyu ne. Mafi yawansa gudan jini ne ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma shi akwai allurar da ke narkar da shi idan an kai mutum cikin awa 4 da rabi, shi ya sa ya matsa a kan lokaci. Ɗaya nau'in kuwa jijiyar ce ke fashewa jini ya zuba, kuma a nan duk abin da ke tsinka jini ƙara ɓarna yake yi. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa na CT, na'urar da babu ita a ƙaramin gari irin namu. Na Mama zubar jini ce. Har yau idan na tuna ƙwayar nan a tafin hannun bawan Allah, sai gabana ya faɗi.

Akwai abu guda da ya faru a ɗakin gaggawa kafin a ɗora ta a mota, wanda ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Mun kewaye gadon muna ta magana a kanta, wannan ya ce a tafi, wancan ya ce a jira Yaya Babba ya iso, wata tana kuka tana cewa ai ba ta ma san inda take ba. Ita kuwa Mama idanunta a buɗe suke, suna bin duk wanda ya buɗe baki, leɓenta yana motsi amma babu abin da ke fita. Likita ya gama auna sukarinta, domin faɗuwar sukari kan yi kama da wannan ciwo, ya ɗaura mata ruwa, ya aika jininta ɗakin gwaji, sai ya ce mu ɗan matsa. Ya jawo kujera ya zauna ta gefen hagu, ɓangaren da ke da ƙarfi, ya riƙe hannunta ya ce, “Mama, ni ne. Idan kina jin maganata, ki matse hannuna.” Na ga yatsunta sun naɗe a kan nasa har fatar ta yi fari. Sai ya ci gaba da yi mata bayani a hankali, kamar yadda ya saba yi mata a ofishinsa: ciwo ne ya taɓa wurin da magana take fitowa, hankalinta yana nan, za a kai ta birni a ɗauki hoton kanta, ya riga ya yi magana da likitan da zai karɓe ta, kuma ɗanta zai zauna kusa da ita a mota. Hawaye ya gangaro mata ta gefe ɗaya, numfashinta ya lafa. Ya juyo ya ce mana, “Tana jin duk abin da kuke faɗa, ku riƙa yi mata magana ita da kanta.” A cikin dukan waɗanda ke ɗakin, mu 'ya'yan cikinta har da ni, shi kaɗai ya tuna cewa ita ce ta fi kowa firgita.

Takardar da ya ba mu shafi ɗaya ce, da rubutun hannunsa. A samanta ya rubuta lokacin da aka gan ta lafiya a ƙarshe, ya ja layi biyu a ƙarƙashin sunan warfarin, ya sa sakamakon gwajin INR da aka yi a safiyar, wanda ya haura 3, ya jera sauran magungunanta da wanda jikinta ba ya karɓa. Da muka isa asibitin koyarwa mun tarar ana jiranmu, matashiyar likitar da ke bakin aiki ta karanta takardar a tsaye, ta ce a wuce da Mama ɗakin hoto. Da hoton ya nuna jini, nan take aka yi mata allurar bitamin K, aka ƙara mata ruwan jini don a karya ƙarfin maganin, aka kuma shiga sauke hawan jinin a hankali. Na ga waɗanda suka zo ba tare da takarda ba, dangi suna ta kame-kame a kan sunan maganin da majinyacinsu yake sha, ana buga waya gida a karanto abin da ke jikin kwali, lokaci yana tafiya. Da mu aka tambaya a cikin ruɗewar nan, da ba mu fi su ba.

Alaƙar nan ta sake yi mana rana bayan hatsarin ya wuce. Da likitocin ƙwaƙwalwa suka tabbatar ba sai an yi tiyata ba, sun amince a mayar da ita babban asibitin garinmu ta ƙarasa jinya, saboda sun san hannun da za su miƙa ta, kuma sun haɗo mu da cikakken rahoto zuwa gare shi. Wanda ya taɓa jinya a garin da ba shi da kowa ya san irin sauƙin da wannan ya kawo mana. Kowace safiya, kafin ya buɗe nasa asibitin, sai ya biyo ya duba ta, ya karanta abin da ma'aikatan dare suka rubuta, ya saurari ƙirjinta don gudun kada abin da ta haɗiya ya sarƙe ya gangara huhu. Shi ya hana a cire robar hanci sai da aka gwada haɗiyarta aka gamsu, duk da matsin da muka yi masa don tausayinta. Batun ko za a mayar da ita kan maganin tsinka jini, da kuma yaushe, ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba, suna shawara da likitan zuciya da na ƙwaƙwalwa, kuma muna jiran abin da za su tsayar. Likita, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya jiƙan magabatanka, ya shirya maka zuri'a, ya sa abin da ka yi wa mahaifiyarmu ka tarar da shi a mizani ranar da dukiya da 'ya'ya ba sa amfani.

An saba yin godiya a dunƙule don kada a manta da wani, amma akwai waɗanda zuciyata ba za ta bar ni in dunƙule su ba. Sista mai aikin dare a ɗakin mata, wadda ta koya wa ƙannena juya Mama duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama ta, kuma idan barci ya sace su sai ta juya ta da kanta ba tare da ta tashe su ba, Allah ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira. Malam direban motar asibiti, wanda ya bar abin da yake yi ya taho, Allah ya tsare ka a duk hanyar da ka hau. Abokan Auta da suka ba da jini ba su ko san fuskar Mama ba, da mai gashin ƙashi da ke lallaɓa ta har ta yarda ta taka, da maƙwabtanmu da suka riƙe mana yara, Allah ya biya ku. Kawu, duk da ciwon ƙafarku kun zo kun zauna tare da mu a ranar da ba mu san yadda za ta ƙare ba, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Gwaggo kuwa ba ta bar gefen gadon nan ba sai don salla. Matata da matan 'yan'uwana sun yi abin da 'ya'yan ciki suke yi, Allah ya sa 'ya'yanku su yi muku fiye da haka.

Akwai kuma na jiki sosai waɗanda muka yi ta duban ƙofa ko za su shigo. Wasunsu sun kira, sai dai tambayar ita ce don me muka bar ta a hannun likitan ƙaramin gari, alhali ba su zo sun ga abin da likitan yake yi ba. Mun yi musu uzuri, kowa da abin da ya sha masa kai, kuma Mama ba ta riƙe kowa a rai ba. Sai dai da ta fara iya furta sunaye, akwai sunayen da ta kira waɗanda ba mu da amsar da za mu ba ta. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙofa a buɗe take har yanzu.

Ina kira ga masu riƙe da harkar lafiya da su dubi irin waɗannan likitoci da suka zaɓi zama a ƙananan garuruwa alhali suna da damar tafiya. Tun a taron kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma sai an haɗa shi da ingantaccen tsarin tura majinyaci daga ƙaramin asibiti zuwa babba. Mu mun ga amfanin hakan da idanunmu, amma mun kuma ga cewa rabin tsarin ya rataya ne a kan wayar mutum ɗaya da mutuncin da yake da shi a wurin abokan aikinsa. Ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, wa zai ɗaga waya a karɓi majinyacin wani? Ya kamata a samar masa mataimaki, a kuma tanadi motar asibiti da ba sai an yi ta nema ba.

Ga masu son zuwa dubiya, muna maraba da ku, amma Likita ya ce a riƙa shiga kaɗan-kaɗan, a yi mata magana a hankali, a kuma ba ta lokaci ta ƙarasa kalmarta ba tare da an ƙarasa mata ba. Muna roƙo don Allah kada kowa ya kawo mata magani, na asibiti ne ko na gargajiya, domin an gano ta ɗan jima tana shan wasu ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da aka ba ta ba da sanin likitanta ba, irin waɗanda ke ƙara hatsarin zubar jini ga mai shan warfarin. Duk wanda yake da shawara ya faɗa mana, mu kai masa ya duba.

Ya Allah, ka cika wa mahaifiyarmu lafiyarta, ka mayar mata da harshenta ta ci gaba da ambatonka, ka sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Waɗanda muka baro a kan gadajen asibiti, ka tashi kafaɗunsu, waɗanda suka rasu a gabanmu ka gafarta musu, ka ba iyalansu haƙuri. Duk wanda ya taimake mu da ƙafarsa, ko aljihunsa, ko jininsa, ko addu'arsa a tsakiyar dare, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ka tsaya masa a ranar da yake neman mai tsaya masa. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.