Laraba: na saki bayanan shinkafar fadama

Yau kafin la'asar na ɗora bayanan da muka tattara daga manoman shinkafa na fadamar Argungu a Zenodo, rumbun ajiyar bayanan bincike na intanet da CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ta buɗe a shekarar 2013, wanda ba ya karɓar ko kwabo, kuma yake ba kowane aiki lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin, domin wanda ya yi amfani da shi ya ambaci mai shi. Ɗorawar kanta ba ta ɗauki lokaci ba, gyaran ne ya cinye mini safiya.

Na fara da cire sunayen manoma da lambobin wayarsu da alamar wurin kowace gona, na bar sunan gunduma kaɗai. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta kiyaye sirrin mutane, amma ko babu ita, a halin tsaron da ake ciki ba zan bayyana wa duniya wanda ya girbe buhuna masu yawa da inda yake kwana ba. Sannan na rubuta takardar bayani a kan ma'auni, domin manomi da buhu yake lissafin shanshera, buhu kuwa ba nauyinsa ɗaya ba, saboda haka wanda ya ɗauki alƙaluman a Ibadan ko Nairobi ba tare da sanin yadda muka mayar da su kilo ba, zai gina lissafinsa a kan kuskure.

Wani abokin aikina da ya girme ni ya leƙo ya ce, "Malam, kai ka sha rana da sauro, wani kuma ya kwashe ya riga ka bugawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lasisin CC BY da na sa wa bayanan ya tilasta masa ambatona, ranar ɗorawa kuma tana rubuce." Tsoronsa yana da tushe, ban kuma ga alamar ya gamsu ba, sai dai a ganina bayanan da aka kulle a kwamfuta sun fi saurin salwanta.

Saura maganar mujalla. Wasu masu buɗe maƙala ga kowa suna neman dubban daloli daga marubuci, abin da albashina ba zai ɗauka ba, don haka na duba DOAJ da AJOL, shafukan intanet da ke jera mujallun bincike, na ware waɗanda ba sa karɓar kuɗi. Gobe in Allah ya kai mu zan karanta sharuɗɗansu, sannan in fara taƙaita sakamakon da Hausa domin shugabannin ƙungiyar manoman.