Kafin ka sayi firinta don ƙaramin ofishin gida a Kano

Duk wanda ke gudanar da ɗan ofishi a gida, ko malami ne mai shirya takardun jarrabawa, ko ɗan kasuwa mai rubuta rasit da takardun kwangila, ko mai taimaka wa ɗalibai wajen fitar da silif ɗin JAMB, akwai ranar da zai gaji da zaryar zuwa shagon buga takardu, ya fara tunanin mallakar firinta tasa. A ganina, tambayar da yawancin mutane ke fara yi idan sun shiga shagunan titin Beirut ko kasuwar Sabon Gari, wato "nawa ce?", ita ce ya kamata ta zo a ƙarshe, domin kuɗin da za a biya ranar saye kaɗan ne a kan abin da na'urar za ta ci a tsawon shekarunta na aiki.

Firintocin da ake amfani da su a gida iri biyu ne. Akwai mai tawadar ruwa, wadda ke fesa ɗigon tawada a kan takarda ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya iya gani, akwai kuma ta lesa, wadda ke amfani da garin tona, ta liƙa shi a kan takarda da zafin da ke kusantar digiri 200, shi ya sa takarda ke fitowa daga cikinta da ɗumi. Daga wannan bambanci ne kusan duk wata shawara ke fitowa, kuma a Kano babu inda ya fi bayyana kamar a maganar wutar lantarki.

Ƙaramar firintar lesa irin HP LaserJet P1102, wadda ta cika ofisoshi da shagunan garin nan, tana jan wat kusan 370 lokacin da take bugawa, kuma a daidai lokacin da take ɗumama kanta takan fizgi abin da ya haura haka nesa ba kusa ba. Wanda ya dogara da ƙaramar inbata da batir ɗaya zai ji inbatar ta fara kuka, fankar ɗaki ta rage gudu, wani lokaci ma komai ya ɗauke takarda na rabin fita. Ita kuwa mai tawadar ruwa, abin da take ci yayin bugu bai kai wat 20 ba, don haka sola mafi ƙanƙanta ma za ta ɗauke ta ba tare da wahala ba. Saboda haka, wanda unguwarsu ba ta samun wuta sosai, kuma ba ya son tayar da janareta saboda shafi uku, ya kamata ya yi dogon tunani kafin ya ɗauki ta lesa, komai yabon da mai shago zai yi mata.

Sai dai mai tawadar ruwa ma tana da nata ciwon, kuma yanayinmu na ƙara tsananta shi. Idan ta yi makonni ba a kunna ta ba, tawada takan bushe a bakin ƙofofin nan, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa ƙarau, da kuma watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Alamar farko ita ce fararen layuka su riƙa ratsa rubutu, sannan launi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, hoton fasfo ya fito fuskar mutum ta yi kore-kore. Na'urar tana da tsarin wanke kanta, amma da tawadar da ka saya take yin wankin, kuma idan toshewar ta yi nisa, kuɗin sauya hed ɗin, wato sashen da ƙofofin nan suke, na iya kusantar kuɗin sabuwar firinta. Maganin abin shi ne a buga aƙalla shafi ɗaya mai launi duk mako, a kuma rufe ta da ƙyalle idan an gama aiki. Tona kuwa gari ne tun asali, ba shi da abin bushewa, ko wata uku firintar ta yi a ajiye za ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Rubutunta kuma ba ya zuba idan ruwa ya taɓa takarda, abin da ke da muhimmanci ga takardar yarjejeniya ko ta fili da za a adana shekaru.

A cikin masu tawadar ruwa, ba na ba kowa shawarar sayen mai ƙananan katirij, wato 'yan akwatunan tawada da ake sauyawa idan sun ƙare, duk da cewa ita ce mafi araha a shago. Katirij ɗin ba ya wuce 'yan ɗaruruwan shafuka, kuma idan aka sayi baƙi da mai launi sau biyu ko uku, an biya kuɗin firintar a karo na biyu; tamkar a sayar maka da doki da arha ne, amma da sharaɗin a wurin mutum ɗaya kaɗai za ka riƙa sayen harawa. Masu tanki, irin Epson EcoTank da Canon PIXMA jerin G, sun fi tsada a farko, amma tawadarsu a kwalba take zuwa, mutum ya zuba da kansa. Kamfanin Epson na cewa kwalbar baƙar tawada mai mililita 65 ta firintoci irin L3210 da L3250 tana buga shafi kusan 4,500, yayin da katirij ɗin tona mai lamba 85A na P1102 ke tsayawa a wajen 1,600. Ya kamata a san cewa ana auna irin waɗannan alƙaluma ne da shafuka marasa cikar rubutu, kusan kashi 5 cikin 100 na takarda a ma'aunin tona, don haka mai buga fom masu tambari da hotuna ba zai taɓa kaiwa wannan adadi ba.

Kafin a biya kuɗi, a tambayi lambar tawada ko tonar da firintar ke sha, sannan a zagaya shaguna uku ko huɗu a ga ko suna da ita a ƙasa. Firintar da sai an aika Legas kafin a samo mata tona ba ta dace da ƙaramin ofishi ba. A kuma tambaya ko katirij ɗinta na karɓar cikon gari, domin wasu sababbin firintoci suna da ɗan guntun lantarki a jikin katirij da ke ƙin duk wanda ba na kamfaninsu ba.

Masu sayen ta hannu, wadda aka shigo da ita daga waje, su juya bayanta su karanta takardar da ke liƙe kusa da ramin waya. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma firintar lesa da aka ƙera don Amurka takan ƙone nan take idan aka jona ta kai-tsaye ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba. A nemi mai shago ya fitar da shafin bayanin na'urar, wanda ke nuna adadin takardun da ta buga tun ƙera ta, a kuma duba ko akwai baƙin layi ko ɗigon da ke maimaita kansa daga sama zuwa ƙasa, domin wannan alama ce ta gajiyar diram, wato gangar da ke ɗora tona a kan takarda a firintar lesa.

Batun haɗa sikanin da fotokwafi a na'ura ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani: yanzu da kusan kowace hukuma ke neman a ɗora takardu a intanet, ƙarin kuɗin ya cancanta. Haka ma wadda ke karɓar aiki daga waya ta Wi-Fi, tunda yawancin takardu ta WhatsApp suke isowa.

Idan aikinka baƙin rubutu ne zalla, kana da wutar da za ta ɗauka, kuma bugun naka yakan zo ne a dunƙule bayan dogon hutu, ta lesa ce taka. Idan kana kan sola, kana buƙatar launi, kuma ba ka yin mako ba ka buga wani abu ba, ka nemi mai tanki. Wanda kuwa rim ɗaya mai takarda 500 zai kai shi shekara biyu bai ƙare ba, shagon buga takardu na bakin layinsu ya fi masa sauƙi fiye da kowace firinta.